Wasali ɗaya tsakanin labari da fata a Sifaniyanci

Daren 15 ga Satumban kowace shekara, shugaban ƙasar Meziko kan fito barandar fadar gwamnati ya ɗaga murya da "¡Viva México!", dubban mutane su amsa masa. Da labari yake bayarwa cewa ƙasar na nan da ranta, vive zai ce. Fata yake yi mata na tsawon kwana, shi ya sa e ta koma a. Wannan siga ce masu nahawun Sifaniyanci ke kira subjuntivo, kuma ita ce ke sa ɗalibai gumi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya san bambancin "yana zuwa" da "ina so ya zo" ya riga ya san umartau, aikinsu kuwa kusan ɗaya ne: fata, umarni, shakka, addu'a.

Aikatau a Sifaniyanci gida uku ne, masu ƙarewa da -ar, da -er, da -ir. Sai a ɗauki yadda mutum ke faɗin aikin a kansa, misali hablo, wato ina magana, a cire o ɗin ƙarshe, a sa wa kalmar wasalin maƙwabta. 'Yan gidan -ar su ari e: hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Sauran gidaje biyun su ari a, don haka comer, cin abinci, ya ba da coma, comas, coma, comamos, comáis, coman. Vivir, rayuwa, ma haka yake bi. Sigar "ni" da ta "shi" ko "ita" iri ɗaya ce, zancen ne ke rabewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne musayar ta zama ta gicciye. Habla labari ne, hable fata. Amma come labari ne, coma fata. Ɗalibin da ya manta gidan da aikatau ya fito zai juya magana ba tare da ya sani ba.

Rubutu ma na da nasa tarkon. Buscar, nema, yakan zama busque, llegar, isowa, ya zama llegue, don kada sautin baƙin ya sauya a gaban e.

Haddar jadawali ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, a bakin mutane ake kama abin. A Madrid ana ce wa mai cin abinci "que aproveche", mara lafiya kuma "que te mejores". Likita zai ce wa dattijo "coma despacio", ya ci a hankali, domin umarnin girmamawa da wannan siga ake yin sa. Hani ma haka: "no hables", kada ka yi magana. Har "cuando llegue", idan ya iso, tana buƙatarta, tunda isowar ba ta faru ba tukuna.

Wanda ya nufi Meziko ko Kolombiya ya samu rangwame: habléis da comáis na Sifaniya ne, a waɗancan ƙasashen biyu hablen da coman suka wadatar ga "ku".