Horon Farko na Ƴan Sanda: Doka, Dabarun Kame da Agajin Gaggawa

Gabatarwa

Bahaushe ya raɗa wa wannan ma'aikaci suna ne da abin da ya fara gani a hannunsa, wato sanda. Kafin zuwansa akwai dogari a fadar sarki, a arewacin Nijeriya kuma an yi ɗan doka na hukumar En'e, wanda sunansa ya fi kusa da ainihin aikin. Wanda ya bi suna kawai zai zaci makarantar ƴan sanda wurin koyon duka ce da fareti. Fareti kam ana yin sa, da gudun safe, da harbi. Amma akwai darussa uku da kusan kowace makarantar ƴan sanda a duniya take ɗora horonta a kansu: dokar laifuka, dabarun kame da kare kai, da agajin gaggawa.

Wannan takarda za ta dubi darussan uku, tare da ɗauko yawancin misalai daga Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin shari'ar Faransa, kuma take da babbar makarantar ƴan sandanta a Yamai. A makaranta kowane darasi da malaminsa da lokacinsa. A bakin aiki kuwa duka ukun sukan haɗu ne a cikin ƴan mintoci kaɗan, daga lokacin da ɗan sanda ya ɗora hannu a kan mutum.

Darasin doka

Abin da kurtu yake fara koya shi ne ba kowane abin ƙi ne doka ta kira laifi ba. Sai aikin da doka ta ambata, ta kuma yanka masa hukunci kafin a aikata shi. Nijar ta kafa kundin dokar laifuka da na tsarin shari'ar laifuka a 1961, an kuma yi musu gyare-gyare daga baya. Tsarin Faransa ya kasa laifi gida uku, kowane da sunansa da kotun da ke jin sa: babban laifi kamar kisan kai, matsakaici kamar sata, da ƙarami kamar yawancin saɓa ƙa'idar hanya. Hausa kalma guda gare ta, laifi, don haka dole mai fassara ya ƙara siffa, in ba haka ba bambancin ya ɓace.

Akwai kuma iyaka tsakanin laifi da rigimar haƙƙi. Mutane da yawa sukan kai wanda suke bi bashi ofishin ƴan sanda domin a tsorata shi ya biya. Alhali rashin iya biyan rance ba laifi ba ne da za a kulle mutum a kansa. Sashe na 11 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966, wadda Nijar ta shiga a 1986, ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin ciniki. Zamba da cin amana kuwa laifuka ne. Rarrabe wanda ya ci bashi ya karye da wanda ya karɓi kuɗi da niyyar cuta tun farko yana cikin abubuwa masu wuya ga sabon ma'aikaci, musamman idan mai ƙara babban mutum ne a gari.

Daga nan sai kalmomi uku da maganar yau da kullum take cuɗanyawa: kamawa, tsarewa, ɗauri. A bakin mutanen unguwa, duk wanda ya kwana a bayan kanta «an ɗaure shi». A doka kamawa aikin nan take ne. Tsarewa riƙe mutum ne a ofis na ɗan lokaci domin bincike, kuma ba kowane mai kaki ne yake da ikon yanke ta ba, sai jami'in da doka ta ba ikon binciken laifi, a ƙarƙashin kulawar alƙali mai shigar da ƙara. Ɗauri kuwa hukuncin kotu ne. Dokar Nijar ta tsayar da awa 48 a laifukan yau da kullum, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bi wata hanya: kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin kilomita 40, kwana biyu idan babu. Gyaran da aka yi wa dokar Nijar a 2003 ya ƙara wani sharaɗi mai muhimmanci, wato a haɗa wanda za a miƙa wa alƙali da takardar likita mai nuna ba a azabtar da shi ba. Wata ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 kuma ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Ga ɗalibin harshe, wurin da ya fi jan hankali shi ne rubuta bayani. An daɗe ana koyar da doka da Faransanci, ana rubuta takardar bayani da Faransanci, alhali wanda ake tambaya a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da Hausa yake amsawa. Tsakanin bakinsa da alƙalamin jami'i abubuwa da yawa kan sauya. Idan aka karanta wa mutum zargi ya ce «na ji», bai amsa laifi ba, cewa ya yi maganar ta shiga kunnensa. «To» ma sau da yawa ladabi ne kawai. «Na ɗauka» yana iya nufin ya ɗauki kaya, yana iya nufin ya zata, kuma ko a ma'anar farko ɗauka ba sata ba ce sai an tabbatar da niyya. Kalmar shaida ita ce mutumin da ya gani, ita ce kuma abin da ya faɗa, ita ce wuƙar da aka tsinta. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan bai rage buƙatar tafinta ba, sai dai ya ƙara nauyin daidaita kalmomin shari'a a Hausa.

Dabarun kame da kare kai

Wannan darasi a fili ake yin sa, ko a kan katifa. Farkonsa tazara da murya. Ana koya wa kurtu ya tsaya a karkace, gefen da makami yake ya yi baya, ya bar tazarar da hannu ba zai kai gare shi ba, ya zuba ido a kan hannayen mutum, ya yi magana a gajarce da murya guda. Sai kuma riƙon wuyan hannu da gwiwar hannu, da kuɓucewa daga riƙo, da sa ankwa, da kare makami kada a fizge shi. Kulki yana da wuraren da aka yarda a kai shi, wato tsokar cinya da ta damtse. Kai da wuya da gadon baya an hana, domin duka guda a can yana iya kisa.

Ƙa'idar da ke sama da duk waɗannan ta fito a takardu biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya: ƙa'idojin ɗa'ar jami'an tsaro na 1979, da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da aka amince da su a Habana, babban birnin Kuba, a 1990. Ƙarfi sai da dalilin doka, sai in babu wata hanya, kuma gwargwadon barazanar. Bindiga ta kare rai ce daga kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa. Ɓarawon waya da ya ruga da gudu ba ya cikin wannan.

Dangane da tazara, akwai wani gwaji da ya yi suna. A 1983 wani ɗan sandan Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cinye tazarar kusan mita shida da rabi a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kimanin lokacin da jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Darasin da ya dace a ɗauka shi ne a ja da baya, a sa mota ko bango a tsakani. Wasu masu horarwa sun mayar da shi izinin harbin duk mai wuƙa da ya matso, abin da gwajin bai ce ba.

Matashin da ya taso a ƙasar da kokawa ta zama wasan ƙasa yakan zo makaranta da sanin yadda ake kayar da mutum. Sai dai a fagen kokawa da zarar abokin karawa ya kai ƙasa wasa ya ƙare, makaɗa su ɗauka. A wurin ɗan sanda nan ne haɗari yake farawa. Mutumin da aka kifar rub-da-ciki, aka mayar da hannayensa baya, aka danne masa gadon baya ko wuya, ƙirjinsa ba ya samun buɗewa. Idan mai ƙiba ne, ko ya sha ƙwaya, ko ya gaji da gudu da fafatawa, numfashinsa yana iya yankewa a cikin mintoci. Mutsu-mutsun da yake yi na neman iska sai a ɗauke shi taurin kai, a ƙara danna. Tun 1995 ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan: da zarar an sa ankwa a ɗauke mutum daga kan cikinsa, a juya shi gefe ko a zaunar da shi. Kuma iya magana ba ya nuna cewa numfashi ya wadata.

Agajin gaggawa

Sau da yawa ɗan sanda yakan riga ƴan kwana-kwana da motar asibiti isa wurin haɗari, ko na mota ne ko na kabu-kabu. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska, babbar jijiya kuma idan ta yanke tana iya zubar da jinin mutum a ƙasa da wannan. Saboda haka abin da ake koyarwa kaɗan ne, ana maimaita shi har hannu ya saba.

Da farko a tsare wurin, kada mota ta biyu ta zo ta ƙara, a kuma kira agaji. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba a ɗagawa don a leƙa. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, a rubuta lokacin. Wuƙar da ta shige jiki ba a zare ta. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe domin kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. Wanda numfashinsa ya tsaya a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa iska sau 2, a ci gaba, danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata na tsawon mintoci.

Rabin aikin kuwa hana masu taimako ne. Jama'a sukan taru da kyakkyawar niyya, wani ya kawo ruwa zai ɗura wa sumamme, wani ya barbaɗa ƙasa ko toka a rauni, wasu su ciccibi mai karayar wuya kamar buhun gero su jefa a bayan mota. Kaki yana da amfani a nan, don shi ake ji idan ya ce a matsa.

Ƙa'idojin 1990 sun ɗora wa jami'i wani nauyi da zuciya ba ta so: wanda ya ji wa rauni da hannunsa, shi ne zai tabbatar an ba shi agaji da gaggawa. Wato mutumin da ya kai masa sara minti biyu da suka wuce, yanzu majinyacinsa ne.

Inda darussan suke haɗuwa

A ranar 25 ga Mayu 2020, a birnin Minneapolis na Amurka, ƴan sanda suka kama George Floyd bisa zargin ya yi ciniki da jabun dala 20. An sa masa ankwa, an kifar da shi, Derek Chauvin ya ɗora masa gwiwa a wuya minti 9 da daƙiƙa 29. Kotu ta same shi da laifin kisa a 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi. A 2022 wata kotun tarayya ta sami sauran ukun da laifin hana shi kulawar lafiya, biyu daga cikinsu kuma har da laifin ƙin tsawata wa abokin aikinsu.

Abin lura ga mai nazarin horo shi ne biyu daga cikin ukun sabbin shiga ne, kwanakinsu na farko ke nan da fara cikakken aiki. Sun san darasin. Ɗayansu, Thomas Lane, ya tambaya har sau biyu ko a juya mutumin gefe, Chauvin mai shekara 19 a aiki bai yarda ba, shi kuma ya ci gaba da riƙe ƙafafu. Bayan mutuwar Floyd hukumomin ƴan sanda da yawa a Amurka suka rubuta wajibcin tsawatarwa a cikin ƙa'idojinsu, wasu kuma suka shiga gwada wa ƴan makaranta yadda ƙarami zai dakatar da babba. Faransa ma ta daina koyar da shaƙe wuya bayan mutuwar Cédric Chouviat a hannun ƴan sandan Paris a watan Janairu na 2020.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi haka nauyi, domin biyayyar bariki ta haɗu da tarbiyyar gida, inda yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Kurtu ba zai ce wa shugabansa «ɗaga ƙafarka» ba. Amma nahawun Hausa ya tanadi hanya, wato lamirin da ba ya nuna mai aiki. «Ranka ya daɗe, a juya shi, ba ya numfashi» umarni ne cikakke, amma bai ambaci wanda zai juya ba, bai kuma ce wani ya yi kuskure ba. Haka «a kira likita», haka «a sassauta ankwa». Mai faɗa yana iya miƙa hannu ya fara aikin da kansa tun bai rufe baki ba.