Yadda damuwa da ƙarancin barci ke rage wa allurar rigakafi ƙarfi

Tun kafin kiran sallar Asuba ma'aikacin da ke zaune a Maraba ko Suleja yake fara lissafin hanya, domin idan ya makara da rabin sa'a cunkoson Nyanya ko na hanyar Kubwa zai cinye masa safiya. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa ba shi da lokacin tashi, sai maigida ya sallame shi. A tsakiyar irin wannan rayuwa ne mutum yake leƙawa asibiti a gurguje, a yi masa allurar ciwon hanta, ko ta shawara saboda tafiya, ko ta sanƙarau saboda aikin Hajji, ya saukar da hannun riga ya koma ofis.

Yawanci ana ɗauka da an zare allura magana ta ƙare. A wurin jiki kuwa lokacin ne aiki yake farawa, kuma binciken fiye da shekara 30 ya nuna cewa halin da zuciya take ciki yana da hannu a yadda aikin zai kasance.

Abin da ke faruwa bayan an zare allura

Allurar rigakafi darasi ce ake bai wa garkuwar jiki. Ana shigar da wani ɓangare na ƙwayar cuta, ko ƙwayar da aka raunana, sai wasu ƙwayoyin jiki su ɗauke ta su kai ta wuraren nan na hamata da matsematsi inda kaluluwa ke fitowa. A can ne ƙwayoyin garkuwa iri biyu, waɗanda ake kira T da B, suke haɗuwa su nazarci baƙon, sannan ƙwayoyin B su fara ƙera sinadaran kariya da likitoci ke kira antibodi. Aikin yakan ɗauki kwana 10 zuwa mako biyu kafin ya kankama, shi ya sa ake buƙatar maniyyaci ya yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin ya isa Saudiyya.

Waɗannan wurare ba a rufe suke daga ƙwaƙwalwa ba. Akwai jijiyoyi da ke shiga saifa da wuraren kaluluwa kai-tsaye, ƙwayoyin garkuwa kuma suna da kafofin karɓar saƙon sinadaran da jiki ke saki idan hankali ya tashi.

Idan mutum ya shiga matsi, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki adirenalin da kotisol. Adirenalin ne ke sa zuciya bugawa da sauri. Kotisol yana ƙara sukari a jini, yana kuma danne kumburi da wasu ayyukan garkuwa har haɗari ya wuce. Tashin hankali na ɗan lokaci ba ya cutarwa, hasali ma yakan zaburar da garkuwa. Matsalar tana zuwa ne idan matsin ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, kamar bashi, jinyar iyaye ko fargabar rasa aiki. A nan saƙonnin da ƙwayoyin T ke aika wa ƙwayoyin B sukan raunana, darasin kuma ba ya zama yadda ya kamata.

Ɗalibai da masu jinya

A 1992 Ronald Glaser da matarsa Janice Kiecolt-Glaser, na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban likitanci 48. An yi musu allurar ciwon hanta nau'in B sau uku, kowacce a lokacin jarrabawa. Kashi ɗaya cikin huɗu ne jikinsu ya samar da sinadaran kariya tun daga allurar farko, kuma su ne waɗanda damuwarsu da fargabarsu ba su kai na sauran ba. Ɗaliban da ke da abokai da 'yan uwa na jingina sun fi ƙarfin kariya a ƙarshe.

A 1996 suka juya ga tsofaffi 32 masu jinyar miji ko mata da ke fama da cutar mantuwa, suka gwada su da wasu 32 sa'o'insu da ba sa jinyar kowa. Bayan allurar murar infuluwenza, kashi 66 cikin 100 na marasa jinya sun samu ninkin kariya sau huɗu, wanda shi ne ma'aunin da likitoci ke ɗauka a matsayin allura ta kama. A cikin masu jinya kashi 38 ne kawai suka kai haka.

Bayan shekara uku Kavita Vedhara ta yi makamancin wannan a Bristol ta Birtaniya, ta kuma auna kotisol a yawun mutanen. Masu jinya sun fi yawan kotisol, kuma kashi 16 ne cikinsu allurar ta kama sosai, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 39 ne.

Farin ciki ma yana da nasa rabo

A Jami'ar Nottingham an bi diddigin tsofaffi 138 kafin allurar mura da bayanta, ana duba abincinsu, barcinsu, motsa jikinsu da yanayin zuciyarsu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne walwala a ranar allurar: waɗanda ke cikin nishaɗi a ranar sun fi yawan kariya daga ɗaya daga cikin nau'o'in murar har bayan mako 16.

Ciwon baƙin ciki mai tsanani kuma yana ja baya. Michael Irwin na Jami'ar California ya ruwaito a 2013 cewa tsofaffi masu wannan ciwo da ba sa shan magani sun samu raunin kariya bayan allurar wata cutar ƙuraje masu raɗaɗi da ke tasowa daga ƙwayar ƙarambau. Waɗanda ke shan magani kuwa kariyarsu ta yi daidai da ta masu lafiya.

Su kansu sinadaran da ake dangantawa da nishaɗi suna aiki a wajen ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 90 na serotonin a hanji ake yin sa. A 2017 masu bincike a Ostireliya suka gano cewa wasu ƙwayoyin T na ɗan Adam suna sakin dofamin domin hanzarta mu'amalarsu da ƙwayoyin B, a daidai wurin da ake ƙera sinadaran kariya.

Barci

Wannan ne ya fi shafar mai sammako daga bayan gari. A Jami'ar Chicago a 2002 an taƙaita wa wasu samari barci zuwa awa huɗu na dare shida, aka yi musu allurar mura a tsakani. Bayan kwana 10 kariyarsu ba ta kai rabin ta waɗanda suka yi cikakken barci ba, ko da yake tazarar ta rufe bayan mako uku zuwa huɗu.

A 2012 Aric Prather ya bi mutum 125 'yan shekara 40 zuwa 60 da aka yi wa allurar ciwon hanta nau'in B. Waɗanda barcinsu bai kai awa shida ba sun ninka masu fiye da awa bakwai sau 11 da rabi wajen yiwuwar kammala allurai uku ba tare da isasshiyar kariya ba.

Wannan lamari ne da ya shafi Najeriya ƙwarai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sai a 2004 aka shigar da allurarsa cikin rigakafin yara, ma'ana galibin ma'aikatan gwamnati na yau ba a yi musu ita suna jarirai ba. Duk wanda zai yi ta yanzu zai yi ta ne da jikin babba, tare da gajiyarsa da ɗawainiyarsa.

Abin da ya rage ga ma'aikaci

Yawancin waɗannan bincike a kan mutane kaɗan aka yi su, kuma yawan sinadaran kariya a jini suka auna, ba adadin waɗanda suka kamu da cuta daga baya ba. Shekaru, ƙiba, shan taba, ciwon sukari da ciwon ƙoda su ma suna rage karɓar allura. Babu binciken da ya ce mai damuwa ya fasa rigakafi, domin kariya ko da ragagga ce ta fi babu.

Abin da ke hannun mutum shi ne zaɓen lokaci idan da hali. Ya guji sa allura washegarin doguwar tafiyar dare ko a makon da ake kwana a ofis kan kare kasafin kuɗi. Ya nemi barcin awa bakwai a dararen da ke gaban allurar da na bayanta. Tafiya a ƙafa ma tana taimakawa: a Jami'ar Jihar Iowa an samu ƙarin kariya ga waɗanda suka yi minti 90 suna motsa jiki matsakaici bayan allurar mura ko ta korona.

Allurar ciwon hanta sau uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida daga ta farko, kuma ta ukun nan ce ake yawan mantawa. Ma'aikatan lafiya da masu zama da mai ɗauke da cutar za su iya yin gwajin jini wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe, a tabbatar ta kama. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci har mako biyu ko fiye, ya kamata ya faɗa wa likita.

Shugabannin ma'aikatu da sassan kula da ma'aikata su ma suna da nasu. Idan za a kawo masu allura ofis, ranar da aka zaɓa da kuma sallamar mutane da wuri a wannan yammaci ba sa buƙatar ko sisi daga kasafi.