ƊALIBAN DA KE ƘIRGA HAƊARIN DA BAI AUKU BA

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san irin lokacin nan da direba zai take birki da ƙarfi, tayoyi su yi kuka, fasinjoji su ɗauki salati, sa'an nan a wuce lafiya. Kafin a kai tasha an manta. Babu ɗan sandan da zai rubuta abin, domin ba a zub da jini ba. To, a kan wannan abin da ake mantawa ne wani ɗalibi na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, mai suna Christer Hydén, ya gina bincikensa na digirin digirgir, wanda ya kammala a 1987.

Matsalar da ta dame shi tsohuwa ce a aikin injiniyan hanya. Kafin a tabbatar cewa wata mararraba mugunya ce, sai an tara lissafin haɗura na shekaru, wato sai an jira mutane sun mutu tukuna. Hydén da abokan aikinsa suka ce a ƙirga waɗanda suka tsallake rijiya da baya, tun da sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. Akan horar da mutum, a tsayar da shi a bakin mararraba da takarda na 'yan kwanaki. Da zarar wani ya take birki ko ya kauce, sai ya ƙiyasta gudun motar da tazarar da ta rage a yi karo. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda. Idan direbanta ya taɓa birki saura mita 14 ya kai ga mai keke, daƙiƙa ɗaya tak ta raba su. A farkon wannan tsari, duk abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba ana rubuta shi a matsayin mai tsanani.

Aikin bai tsaya a takarda ba. A 1991 aka gwada ƙananan shataletale a mararraba 21 na garin Växjö, aka auna da wannan hanya kafin gyara da bayansa. Gudu ya ragu, masu tafiya a ƙasa da masu keke suka sami sauƙi. Inda shataletale ya maye gurbin fitilar ba da hannu kuma, hayaƙi da shan mai suka ragu, saboda motoci sun daina dogon tsayi inji na ruri.

A jami'ar dai, a 2004, Göran Nilsson ya gabatar da nasa kundin a kan gudu. Lissafinsa ya nuna cewa idan matsakaicin gudu ya tashi daga kilomita 100 zuwa 110, haɗuran da ke cin rai za su ƙaru da kimanin kashi 46 cikin ɗari. Kilomita goman nan da direba ke rainawa ke nan.

Nijeriya ta fi Suwidin bukatar irin wannan bincike. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan ba da adadin mamata kimanin 5,000 a shekara, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000. Ba abin mamaki ba ne: wanda ya cika a hanyar ƙauye, aka yi masa sutura kafin la'asar, da wuya sunansa ya shiga littafin kowa. Ɗalibin da ya dogara da waɗannan littattafai kaɗai, a Jami'ar Ahmadu Bello yake ko a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, ya yi gini a kan rairayi.

Sai dai ba a kwafo ma'aunin Lund kai tsaye. An auna shi a titunan da kowa ke bin layinsa. A mararrabar da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da masu tura baro ke goga kafaɗa tun safe har dare, dole ɗalibi ya fara tantance wace kaucewa ce ta tsira da rai, wace ce kuma ta yau da kullum. Kayan aikin kuwa ba su wuce agogo da takarda da awon tazara ba, sai kyamarar wayar hannu ga mai son ya sake duba abin da idonsa ya gani.