Matsayin Namiji a Labaran Yuri na Japan

Daga cikin fannonin adabin da mutanen Japan suka shahara da su a wannan zamani akwai littattafan hikaya masu zane waɗanda suke kira manga, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani reshe mai suna yuri, wanda jigonsa shi ne soyayya tsakanin mace da mace. Tun da yake kuwa mata ne ke riƙe da ragamar ƙissar tun daga farko har ƙarshe, sai wata mas'ala ta fuskanci kowane marubucin wannan fanni, wato ina zai ajiye namiji, kuma da wace siffa zai fito da shi.

Hanya ta farko ita ce a kawar da shi baki ɗaya, asalinta kuwa daɗaɗɗe ne, domin tun a 1916, lokacin da Yoshiya Nobuko ta fara wallafa gajerun labaranta na Hana Monogatari, makarantar 'yan mata ta zama mazaunin irin wannan hikaya, inda namiji ba ya da hurumin shiga. Har yanzu akwai masu bin wannan tafarki, kamar littafin Yuru Yuri, wanda mai karatu zai daɗe yana buɗe shafukansa bai ci karo da fuskar namiji ba.

Hanya ta biyu ita ce a mai da shi shinge, wato uba, ko kaka, ko wanda dangi suka yi wa yarinya baiko da shi. A cikin Citrus na Saburouta, wanda ya fara fitowa a 2012, kakan Mei, ɗaya daga cikin taurarin labarin, shi ne shugaban makarantarsu, malamin da aka tsayar mata ta aura kuwa kwaɗayin dukiya da muƙami ne ya kawo shi. Wannan siffa tana da hujjarta, saboda maganar magajin gida tana da nauyi a al'adar Japan, dokar ƙasar kuma ba ta san aure ba face tsakanin namiji da mace; amma aibinta shi ne, idan marubuci ya wadatu da ita, sai namijin ya zama katanga kurum, ba shi da zuciya, ba shi da uzuri.

Hanya ta uku, wadda ita ce mafi wuya kuma mafi daraja, ita ce a ba shi ɗabi'a tasa da dalili nasa. Shimura Takako, a cikin Aoi Hana da ta rubuta daga 2004 zuwa 2013, ta kawo Kou, saurayin da aka yi wa baiko da wata yarinya mai suna Kyoko, wanda ya san sarai zuciyarta tana wajen wata, amma ya yi haƙuri, bai tozarta ta ba, har mai karatu ya ji tausayinsu su duka biyu. Haka nan Nakatani Nio, a cikin Yagate Kimi ni Naru wanda ya fara a 2015, ta halitta Maki, ɗalibin da ya gano sirrin 'yan mata biyun da aka gina labarin a kansu, ya riƙe amana, alhali shi kansa ba ya jin soyayya a ransa, ya fi son ya zama ɗan kallo. Ta hanyar zantawa da shi ne babbar tauraruwar take gane bambancin halinta da nasa.

Ko da al'adar mai karatu ta yi nesa da jigon waɗannan littattafai, darasin fasahar da ke cikinsu bai keɓanta da Japan ba, domin ƙaramin tauraro shi ne mizanin adalcin marubuci. Marubutanmu na littattafan soyayya, waɗanda su ma suke fama da uba mai tsanani da mijin dole, ya kamata su ba kowane mutum a cikin labarinsu haƙƙinsa na mutuntaka, ko da shafi biyu kaɗai zai bayyana.