Dannau, Gyangyaɗi da Bashin Barci

A garuruwa irin su Kademi da ke Ƙaramar Hukumar Gaya, barci yakan yi wuya a watannin bazara saboda tsananin zafi. A daidai wannan lokaci ne kuma ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ke shirin jarrabawar WAEC, inda da yawa kan raba dare suna karatu, suna korar barci da goro ko shayi. Masana sun ce wanda shekarunsa ke tsakanin 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Duk abin da ya gaza haka bashi ne, kuma jiki ba ya yafe shi.

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke kawo jin barci. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi yana toshe saƙon ne kawai na ɗan lokaci, gajiyar kuwa tana nan. Har ila yau, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Saboda haka ɗalibin da ya kwana karatu yakan shiga ɗakin jarrabawa da ƙarancin natsuwa da yawan mantuwa.

Rashin isasshen barci yana kuma jawo abin da Hausawa ke kira dannau. A shekarar 1953, Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Chicago a Amurka suka gano wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa ake yawan yin mafarki. A wannan mataki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mai barci ya aikata abin da yake mafarki. Idan hankali ya farka kafin gaɓoɓin su saku, sai mutum ya ji kamar an danne masa ƙirji, ya kasa motsi ko magana. Abin yana da ban tsoro, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ya fi samun mai kwanciya rigingine.

A kan hanya haɗarin ya fi girma. Binciken da Williamson da Feyer suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 bai runtsa ba, hanzarinsa yakan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa a hanyar Wudil zuwa Gaya, in ya yi gyangyaɗin daƙiƙa 3, motarsa ta ci fiye da mita 80 ba mai lura da ita.

Maganin farko shi ne tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, da barin goro da shayi tun la'asar, da ajiye waya kafin kwanciya, da gajeriyar ƙailula. Malamin da ya ga ɗalibi yana yawan gyangyaɗi a aji, ya kamata ya fara tambayarsa ƙarfe nawa yake kwanciya kafin ya hukunta shi. Wanda kuwa yake minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya dace ya ga likita, domin wannan larura tana da alaƙa da hawan jini.