Shin Ko Kun San? Tun Kafin Ku Gama Sallama An Fara Yi Muku Hukunci!

Shin ko kun san cewa wanda zai yi muku intabiyun neman aiki ba ya jiran ku buɗe baki? A shekarar 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton a Amurka sun riƙa haska wa mutane hotunan fuskoki. Tsawon wane lokaci? Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa! Ƙiftawar ido ke nan. Amma nan take mutanen suka ware: wannan amintacce ne, wancan ya san aikinsa, wannan kuwa a bar shi kawai. Da aka ƙara musu lokaci ba su wani sauya ra'ayi ba, sai ma ƙara sakankancewa da suka yi. Ashe ba banza ba Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Ku tsaya, da saura. Shi dai Todorov ɗin, a 2005, ya nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka waɗanda ba su sani ba, ya ce su zaɓi wanda ya fi kama da ƙwararre. Kusan kashi 70 cikin ɗari, wanda suka nuna shi ne ya ci zaɓe. Daga hoto kawai fa!

A Harvard kuma, a 1993, Nalini Ambady da Robert Rosenthal suka nuna bidiyon malamai suna koyarwa, babu sauti, daƙiƙa 30. Makin da 'yan kallo suka ba malaman ya zo kusa da wanda ɗalibansu suka ba su bayan zango guda cur. Aka rage bidiyon zuwa daƙiƙa 6. Har yanzu dai bai yi nisa ba. Tsayuwa, zama, motsin hannu, duk magana suke yi.

Musabaha fa? A 2008 an gwada ɗalibai 98 a Jami'ar Iowa da intabiyun gwaji. Masu riƙe hannu da kyau suna duban idon mutum su suka fi samun maki. A wajenmu, inda ba kowa ke miƙa wa mace ko namiji hannu ba, ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska ya wadatar. Abin gudu shi ne a shiga ana sunne kai kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta.

To ga wanda ya fi ɗaure mini kai. Tufafi ba mai kallo kaɗai suke yi wa aiki ba, har da wanda ya sa su! A 2012, Hajo Adam da Adam Galinsky na Jami'ar Northwestern suka sa wa wasu ɗalibai farar riga irin ta likitoci, suka ba su gwajin natsuwa. Kurakuransu sun tsaya wajen rabin na waɗanda ke cikin kayan gida. Sai aka sake dabara: riga ɗaya, wasu aka ce musu ta likita ce, wasu aka ce ta mai zane ce. Masu "rigar likita" suka fi lura. Riga ɗaya fa, jama'a!

Laktayen da ake shaƙe wuya da shi kuwa, daga sojojin haya 'yan Kuroshiya ya samo asali, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi a ƙarni na 17 da ƙyalle ɗaure a wuya. Har gobe Kuroshiya na bikin ranarsa kowace 18 ga Oktoba. Hanya nawa ake ɗaura shi? A 1999 masana biyu a Cambridge, Thomas Fink da Yong Mao, suka ƙirga 85. A 2014 wasu masana lissafi a Suwidin suka ce ina! Ai sun kai 177,147. Amma a sassauta: likitoci a birnin Kiel na Jamus sun gano a 2018 cewa matse shi tamau na rage jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa da kashi 7.5 cikin ɗari. Ranar da kuka fi buƙatar ƙwaƙwalwar ke nan!

Mu leƙa Japan. Can ɗalibai masu neman aiki kusan anko suke yi: baƙar kwat, farar shat, baƙin takalmi, baƙar jaka. Har ƙwanƙwasa ƙofa da ƙa'idarsa. Sau uku ake koya musu. Sau biyu? Wai wannan na ƙofar ban-ɗaki ne!

Takalmi ma ya taɓa kai ƙara majalisa. A Disambar 2015 aka kori Nicola Thorp gida ranar farko da ta je aikin karɓar baƙi a Landan, ba ko sisi, don ta ƙi sa takalmi mai tsinin inci 2 zuwa 4. Ta buɗe takardar koke, mutum sama da 152,000 suka sa hannu, majalisar dokokin Birtaniya ta zauna a kai a Maris ɗin 2017.

Wasu kuma da suka ga ido na cin amana sai suka rufe shi. Tun 1952 ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston ta fara gwada masu neman gurbi a bayan labule, a ji kiɗa kada a ga mai yi. Sai ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya riƙa tona asirin mata! Dole aka koma shimfiɗa kafet, ko a ce kowa ya tuɓe takalmi.

Ni dai a ganina tsada ba ta cikin lissafin nan. Kaftani mai tsafta da ya sha guga, karinsa a tsaye, hula ta zauna daidai, ya fi kwat ɗin aro da hannunta ya haɗiye yatsu. Ku duba wuyan riga, ku duba farce, ku goge ƙurar takalmi a bakin ƙofa. Turare kuwa kaɗan. Ofis ne, ba ɗakin amarya ba.

Wanda ba shi da kayan fa? A New York, Nancy Lublin ta ɗauki gadon dala 5,000 ta kafa Dress for Success a 1997, tana ba mata marasa hali kayan zuwa intabiyu. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, hukumar birnin da kanta ke ara wa matasa kwat kyauta. A Birtaniya kuwa, shagunan Timpson suna wanke wa marar aiki kayansa su goge idan zai je intabiyu, ba ya biyan ko kwabo!