Belbeji: salula na cinye barcin ƴan makaranta

A dā, a Belbeji cikin ƙasar Damargu, da an sallame sallar lisha sai ɗan hira kaɗan, kowa ya nemi tabarmarsa. Yau kuwa wanda ya ratsa gari da tsakar dare yakan tarar da samari ƴan kwaleji a ƙofar gida, ido kan gilashin salula, suna bin WhatsApp da TikTok.

Abin bai daɗe ba. A farkon shekarun 2000 ne salula ta fara bazuwa a Nijar, kafin ma a ɓalle Belbeji daga Tanut ta zama gunduma a 2011. Babu mai musun amfaninta, domin ɗan kasuwa yana jin farashin hatsi da bisashe na Tanut ko Damagaram ba tare da ya hau mota ba. Sai dai a hannun yaro, daren da take ci ba ya da madadi.

Masana barci na Amurka sun bayyana a 2016 cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Hasken gilashi na jinkirta sinadarin da ke kawo barci, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun yini, kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Yaron da ya kwanta ƙarfe 2 ya tashi da asuba, gyangyaɗi da saurin fushi ne rabonsa a aji, ga jarrabawar BEPC na jiransa.

Damuwar ba ta Damargu kaɗai ba ce. Faransa ta hana amfani da salula a makarantun firamare da kwaleji a 2018. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Ostareliya kuma ta kafa doka a 2024 mai hana ƴan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta.

A Belbeji, doka mafi kusa ita ce ta mai gida. Sau da yawa ƴan kasuwa da ma'aikata ne ke saya wa ƴaƴansu wayar, su zuba musu kati. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba sai an ƙwace ba: a tsayar da lokaci, wayar ta kwana a ɗakin uba, shi ma uban ya ajiye tasa.